Me ya sa 3x × 2y ke haɗuwa amma 3x + 2y ya ƙi?

Ɗan'uwa, ka ce malami ya karɓi 3x × 2y = 6xy, amma ya soke maka 3x + 2y = 5xy, kana neman dalili. Malamin yana da gaskiya, domin tarawa da ninkawa kowacce da ƙa'idarta.

Tarawa ƙirga ce kawai. 3x na nufin x guda uku, 2x kuma x guda biyu, ka haɗa su ka sami x guda biyar, wato 5x. Lambar gaba ce ke canzawa, harafin yana nan yadda yake. Shi ya sa sai jinsi ya zo ɗaya: harufa iri ɗaya, ƙaramar lambar da ke saman kowane harafi ita ma iri ɗaya. ab da ba jinsinsu ɗaya, amma x²y da xy² ba su haɗa hanya ba, duk da kamar da suke yi. To 3x + 2y fa? Nan aikin ya ƙare, ita ce amsar. Ɗalibai da yawa ba sa son barin amsa da alamar tarawa a tsakiya, sai su matse ta da ƙarfi, nan maki ke zubewa.

Ninkawa ba ruwanta da jinsi. 3x × 2y daidai yake da 3 × x × 2 × y, kuma kana da damar sauya musu wuri: lamba da lamba su ba da 6, harufa su ba da xy. Sai dai sabon jinsi ake samu. Mita 3 da mita 2 in an tara su tsawo ne na mita 5, in an ninka su fili ne mai murabba'in mita 6.

In kana shakka, sa lambobi ka gwada. Ɗauki x = 2, y = 5. 3x + 2y ya ba da 16, 5xy kuwa 50, ka ga ba su dace ba. 3x × 2y ya ba da 60, 6xy ma 60. Amma kar ka gwada da x = 1, y = 1, don 3x + 2y da 5xy duk 5 za su ba ka, su yaudare ka.

A wajen tarawa ka lura da alamar ɗebewa, tana bin abin da ke damanta duk inda ka kai shi: 7a − 4b − 2a + b ya zama 5a − 3b.