Kafin ka sayi tsohuwar kwalbar gilashi, kifa ta ka duba gindinta

Irin kwalaben nan masu faɗin ciki da dogon wuya da murfin gilashi, waɗanda Turawa ke juye abin sha a ciki, yanzu sun cika shafukan gwanjo na intanet, kuma kusan kowane mai talla cewa yake tasa Waterford ce ko Baccarat, wato ƙirar shahararrun masana'antun gilashi biyu. Ni ba na yarda da bakin mai sayarwa sai na ga gindin kwalba da murfinta.

Mafi sauƙin ganewa ita ce Baccarat ta Faransa. Masana'antar ta kafu a 1764, kuma daga 1936 take sa tambari mai da'ira a gindi, da zanen kwalba da kofuna biyu a ciki. Kafin nan galibi takarda ake mannawa, takarda kuwa wanki ɗaya ke cire ta, don haka rashin tambari bai isa ya ƙaryata tsohuwa ba. Tsada dai akwai ta.

Waterford ta Ailan tana da tarko. 'Yan gidan Penrose suka buɗe ta a 1783, ta rufe a 1851, sai a 1947 aka farfaɗo da aikin. Yawancin abin da ke kasuwa na zubin baya ne, musamman zanen Lismore na 1952. Sunan yana gindi, dishi-dishi, sai ka karkata kwalbar wajen haske za ka gan shi. Kaya ne mai kyau da nauyi, amma kada ka biya kuɗin ta ƙarni na 18 a kanta.

Mai ƙaramin ƙarfi ya nufi na Bohemiya, wani yanki na ƙasar Czech ta yau, inda ake lulluɓe farin gilashi da ja ko shuɗi sannan a sassaƙa har farin ya bayyana. In takardar jikinta ta ce Czechoslovakia, an yi ta tsakanin 1918 da 1992, don a tsakanin shekarun nan ne ƙasar ta rayu. Haka in ta ce Jamus ta Yamma, ba ta wuce 1990 ba. Dogayen kwalabe masu launi da tsinin murfi, waɗanda ake yawan jingina wa Murano, tsibirin masu ƙera gilashi a birnin Venice, da yawansu na garin Empoli ne a Italiya, daga shekarun 1950 zuwa 1970, kuma farashinsu bai kamata ya kai na Murano ba.

Murfi shi ne inda aka fi cutar mutane. A tsofaffin masu inganci, kowane murfi gogawa aka yi har ya dace da wuyan kwalbarsa, sannan a karce lamba ɗaya a jikin su biyun. In murfi ya ce 14 wuya ya ce 9, haɗin gambiza ne, sai ka rage tayi. Sa murfin ka juya shi a hankali: na asali yana zama daram, ba ya rawa. A gindi kuma, tabo mai kaushi ko gurbi da aka goge sumul yana nuna inda sandar mai hura gilashi ta riƙe ta. Layi siriri daga sama zuwa ƙasa alama ce a cikin mazubi aka ƙera ta. Wadda ta yi hazo a ciki, aka wanke bai fita ba, gilashin ne ya ci, ka bar musu.

Abin da ya fi damuna shi ne dalma. Kiristal na gaske, irin wanda George Ravenscroft ya samu lasisinsa a Ingila a 1674, yana ɗauke da ita, a ma'aunin yau kashi 24 cikin 100 ko fiye, shi ya sa yake da nauyi yake amo in an ƙwanƙwasa. Abu mai tsami kamar zoɓo ko tsamiya yana jan dalmar in ya kwana a ciki, kuma mun ga abin da gubarta ta yi wa yaran Zamfara a 2010. In don ado a kabad kake so, ɗauki Waterford ko Baccarat. In za ka riƙa zuba wa baƙi abin sha, nemi Moser ta garin Karlovy Vary a ƙasar Czech, wadda ba ta sa dalma a gilashinta.