Loctite 243 a kan sukurorin madubin saiti: ya riƙe, amma sai an wanke rami

Duk mai farauta da lasisi a dazukan Benuwe ko Faro na arewacin Kamaru, in dai ya ɗora madubin saiti a kan bindiga kaliba 12, ya san wannan ciwo. An saita bindiga daidai a Garwa, an harba harsashi mai ƙwaya ɗaya irin na Brenneke sau goma, sai ga harbi yana kauce wa gadu da taki guda. A taɓa madubin, a ji yana rawa. Shurin bindigar ne ke girgiza sukuru har ya saki, sannan girgizar babur a hanyar daji ta ƙarasa shi.

Mun yi kakar farauta guda da Loctite 243, shuɗin ruwan nan na manne sukuru na kamfanin Henkel, a kan sukurorin da ke riƙe gindin madubi da jikin bindiga. Ba su motsa ba. Ruwa ne da ba ya daskarewa sai ya shiga tsakanin ƙarfe da ƙarfe inda babu iska, shi ya sa ake barin iska a cikin kwalbarsa. Kada a ɗauka an yi ƙwange.

Inda mutane ke faɗuwa shi ne mai. An ce 243 yana jure ɗan maiƙo, gaskiya ne, amma man bindiga da ya haɗu da ƙurar hunturu ya zama dauɗa a cikin ramin sukuru ya fi ƙarfinsa. A cire sukuru, a wanke shi da sifirit ko asiton, a naɗa auduga a tsinken sakace a goge ramin har audugar ta fito fara, a bari ya bushe. Kafin a ɗiga komai, a gwada sukurun a busasshe: in ya leƙo cikin bindigar zai goge ƙarfen da ke kai-komo da harsashi, in kuma ya taɓa ƙasan rami, za a ji ya ɗaure alhali gindin madubin bai zauna ba. Ɗigo ɗaya ƙarami, kamar ƙwayar gero, a kan zaren sukurun (layukan da ke kewaye jikinsa) biyu ko uku na ƙarshe ya wadatar. In ya yi yawa yakan gangara ciki ya kama abin da ba a so ya kama, kuma yana tsattsaga wasu robobi.

Ɗauri kuwa da sukudireba mai awon ƙarfi ake yi. Ƙananan sukurorin nan yawanci wajen Nm 2 (newton-mita, ma'aunin ƙarfin ɗauri) suke so, amma abin da takardar madubin ta faɗa shi za a bi. Ruwan yana sa zare santsi, don haka a tsaya a ƙasan adadin, balle a bindiga mai jikin alminiyam kamar Mossberg 500, inda zare ke cinyewa nan take. A tura gindin madubin gaba, wajen bakin bindiga, kafin a ɗaure, domin can shurin zai tura shi. Sai a ajiye bindigar awa 24 ba harbi. A ja layi da jan farce daga kan sukuru zuwa gefensa; ran da layin ya rabu, an san ya juya.

Kada a yi kuskuren sayen jan Loctite, 271. Wannan ba ya sakin sukuru sai an gasa shi zuwa wajen digiri 250, madubi kuma ba zai kai labari ba. Shuɗin da hannu ake kwance shi.

Aibinsa ɗaya a wurinmu: ba ya son zafi a ajiye. Kamfanin ya ce tsakanin digiri 8 zuwa 21, Garwa kuwa a watan Afrilu tana haura 40. Kwalbar da ta kwana biyu a akwatin mota ba abin dogaro ba ce. A sayi ƙarama, a duba kwanan wata a jikinta, a gwada ɗigo a kan noti da sukuru kwana ɗaya kafin a kai shi kan bindiga.