Digiri na biyu a ilimin haɗaka ko na otizim zalla: wanne ya dace da malamar aji?

Malama, kin ce kina da digiri na farko a fannin koyarwa, akwai yara masu otizim (larurar da ke shafar sadarwa da mu'amala da mutane) a ajinki, kuma kin rasa wanda za ki ɗauka tsakanin digiri na biyu a ilimin haɗaka na masu buƙata ta musamman da wanda ya keɓanta ga otizim kaɗai. Zaɓin ya rataya ne a kan aikin da kike son yi kullum bayan kammalawa.

Ilimin haɗaka faɗi gare shi. Tushensa Sanarwar Salamanka ta 1994 da sashe na 24 na yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu nakasa ta 2006: kowane yaro ya yi karatu a aji ɗaya da tsaransa, makaranta ce za ta gyara kanta don ta karɓe shi. Za ki karanci matsalar ji da gani, wahalar karatu, raunin fahimta, sauƙaƙa manhaja, gyara jarrabawa, da rubuta tsarin koyarwa na ɗalibi ɗaya mai ɗauke da manufofin da za a iya aunawa. Otizim yakan samu darasi ɗaya ko biyu ne kawai. Mai wannan digiri ya dace da jagorantar sashe a makaranta, horar da malamai ko duba makarantu. Rauninsa kuwa, sai mutum ya fito ya iya zancen manufa, amma ya tsaya cirko-cirko gaban yaron da ba ya magana.

Na otizim zalla zurfi gare shi. Ana farawa da ma'aunin ganewa, kamar littafin likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka, DSM-5 na 2013, da ya haɗe nau'o'in larurar ƙarƙashin suna ɗaya, ya raba buƙatar tallafi gida uku. Daga nan sai hanyoyin aiki: tsarin TEACCH da aka kafa a Amurka a 1972, mai amfani da jadawalin hotuna da keɓe wurin kowane aiki, da PECS, sadarwa ta miƙa katin hoto, mai matakai shida. A matakin farko manya biyu ake buƙata: ɗaya a gaba riƙe da abin da yaron ke so, ɗaya a baya yana kama hannunsa ya miƙa katin, yana rage taimakon sannu a hankali. Inda ake yawan ɓatawa shi ne a kulle katunan a kabad sai lokacin darasi, yaron ya kasa gane cewa katin muryarsa ce a ko'ina.

A nan ne kuma ake koyon binciken dalilin ɗabi'a, wanda a ganinmu ya fi komai amfani ga malamar aji. Layi uku ake ja a takarda: abin da ya faru kafin, abin da yaron ya yi, abin da ya biyo baya. A ce duk sanda aka ajiye masa takardar lissafi sai ya jefar da fensir, sai a fitar da shi waje. Bayan 'yan kwanaki ana rubutawa za a ga fitarwar ce ladan da yake nema, hukuncin ne ke ƙara wa ɗabi'ar ƙarfi. Gyaran shi ne a rage tambayoyin daga goma zuwa uku, a ba shi katin neman hutu, kuma a amsa katin nan take duk sanda ya miƙa.

Babu ɗaya daga cikin kwasa-kwasan nan biyu da ke ba ki izinin tabbatar da cewa yaro na da otizim. Wannan aikin likitoci ne da masana halayyar ɗan Adam, kuma gwaji irin ADOS-2 horonsa daban ne. Haka shaidar BCBA, ta ƙwararren mai nazarin ɗabi'a da wata hukuma a Amurka ke bayarwa: bayan karatu tana buƙatar awa 1,500 zuwa 2,000 na aiki ƙarƙashin mai sa ido, kuma tun 2023 hukumarta ta daina karɓar sababbin masu nema daga yawancin ƙasashen duniya. Ki bincika kafin talla ta ruɗe ki.

Idan a aji na gama-gari za ki ci gaba da aiki, shawararmu ki ɗauki ilimin haɗaka, ki zaɓi darussan otizim, ki yi kundin bincikenki a kansa. Idan cibiya ta musamman kike hari, ko aiki kai tsaye da iyalai, na otizim ya fi. Akwai kuma hanya ta tsakiya: a tsarin Birtaniya kiredit (ma'aunin yawan karatun da aka kammala) 60 satifiket ne, 120 difloma, 180 cikakken digiri, don haka ana iya farawa da ƙaramin a ɗora daga baya.

Kafin ki biya ko sisi, ki rubuta wa sashen da ke ba da digirin, ki tambaya: awa nawa ne na aiki da yara ido da ido, wa ke zuwa ya kalli darasinki ya gyara miki, ko akwai manya masu otizim cikin masu koyarwa, kuma ko hukumar rajistar malamai ta ƙasarki ta amince da shaidar. Kwas na intanet da ba shi da aikin fili, sai dai idan kina da ajin da za ki gwada kowane darasi a ciki da ƙwararren da zai riƙa duba ki.