Hattara da mai tallan wayar haɗin sauti ta jabu

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu sha'awar kayan sauti na gida. Na yi kwana da kwanaki ina juya maganar nan a raina kafin in fito da ita, domin wanda aka cuta yakan so ya rufa wa kansa asiri. To amma shirun da muke yi shi ne jarin mutumin nan. Shekaranjiya na ga ya buɗe sabon shafi da wani suna daban, hotunan dai su ne, ko jan kafet ɗin da yake ɗora kayan a kai bai canza ba.

Abin da yake talla shi ne wayar haɗi, gajeriyar nan mai kai biyu, ja da fari, da ake haɗa na'urar CD ko ta faifan garmaho da amfilifaya (na'urar ƙara ƙarfin sauti), wadda ake kira RCA, da kuma 'yar'uwarta mai ƙafa uku, XLR. Ba irin wadda ake samu kyauta a cikin kwalin DVD ba. Manya yake nunawa, masu kauri kamar igiyar guga, an saƙa musu riga mai sheƙi, kan nan ruwan zinare, ga kwali mai ɗauke da sunan wani babban kamfanin Amurka. Labarinsa ɗaya ne ga kowa: wai wani Bature ne ya gama aiki ya koma gida, aka kwashe kayan ɗakinsa. Ya ce mini wayar azurfa ce zalla, a can ta haura dala dubu, amma shi naira dubu 180 kawai yake so don ya rabu da ita. Ina cikin tunani sai ga saƙo: "Alhaji, wallahi akwai wanda ya taya daga Abuja, mutuncinka nake dubawa." Da ya turo lambar asusu na ga sunan bai yi daidai da na shafinsa ba, ya ce na ƙanensa ne. A nan ya kamata in tsaya. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Na tura kuɗi, bayan kwana uku na je tasha na karɓi ƙunshi, babu rasit, babu takardar komai.

Da na haɗa, sauti ya fito, sai dai ɓangaren hagu yana wani gurnani ƙasa-ƙasa, musamman in firji ya tashi ko an koma kan janareta. Tsohuwar wayata ba ta taɓa yin haka ba. Na kira shi, ya ɗauka nan take, murya a sake. Ya ce, "Ranka ya daɗe, ai babbar waya ba ta sakin jiki rana ɗaya. Sai ta yi awa 200 tana aiki sannan za ka ji abin da ka saya."

Ku lura da wannan magana da kyau, domin ita ce ainihin tarkon. Ba shi ya ƙirƙiro ta ba, akwai masu kayan sauti a Turai da Amurka da suka yarda cewa sabuwar waya sai ta daɗe tana aiki kafin ta daidaita, kuma duk wanda ya ɗan leƙa intanet zai ci karo da zancen, sai ya ga kamar mai kayan ya san abin da yake faɗa. Amma ku yi lissafi: mai aiki ko kasuwa da ke sauraren awa biyu ko uku da dare, ga halin da wutarmu take ciki, yaushe zai cika awa 200? Wata biyu ne ko fiye. Kafin nan ya sayar wa wasu goma, ya rufe shafi, ya yar da layi. Haka kuwa aka yi. Mako na biyar na kira, layin ya daina shiga. Kuma ko da maganar daidaituwar gaskiya ce, ba ta shafi gurnani ba. Wayar da ke gurnani yau tana da ciwo a jikinta, ko ta shekara tana aiki ba za ta warke ba.

Na kai ta wajen wani dattijo mai gyaran rediyo a nan Kano, wanda tun ina yaro nake ganinsa da mita da dalma. Ya juya ta, ya auna nauyinta a hannu, ya ɗauko maganaɗisun tsohuwar lasifika ya kusanta shi da kan. Sai ji muka yi ƙas, ya manne. Ya ce, "Yaro, wannan baƙin ƙarfe ne aka shafa wa ruwan zinare." Kan kirki da jan ƙarfe ko tagulla ake yin sa, maganaɗisu ba ya kama su. Wani lokaci akan ji ɗan ja kaɗan saboda nikel da ake shimfiɗawa a ƙarƙashin zinaren, amma ba irin wannan mannewar ba. Na ce, "Baba, yanka ta mu gani." Duk kaurin nan roba ce da zaren auduga. A tsakiya wani siririn sili ne kamar tsinken tsintsiya, launin jan ƙarfe. Ya kankare shi da reza, jan ya tafi, fari ya bayyana. Raina ya ɗan ce ko azurfar ce, sai ya kunna leta ya kara masa, silin ya lanƙwashe ya zube. Alminiyum ne aka lulluɓe da jan ƙarfe. Ragar da ya kamata ta kewaye silin don ta tare hayaniyar wuta kuwa, 'yan zarurruka ne jefi-jefi, kuma a ɓangaren hagu dalmar ta riga ta saki. Ga dalilin gurnani. Har da wani ɗan akwati a jikin wayar mai kunna koriyar fitila in an danna. Da aka buɗe, batir ne da fitilar kawai, ba abin da ya haɗa su da wayar.

Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne, da na san aikin wayar haɗi tun farko, da zaƙin bakinsa bai ɗauke ni ba. Na'urar CD wutar da take fitarwa wajen bolt 2 ce, ƙofar da wutar ke shiga amfilifaya kuma juriyarta, wato yadda take tare wuta, wadda ake aunawa da om, takan kai om dubu 10 zuwa dubu 47. Wayar mita ɗaya juriyarta ba ta kai om ɗaya ba. Ke nan fifikon da azurfa take da shi a kan jan ƙarfe wajen ɗaukar lantarki, wanda bai wuce kashi 6 cikin ɗari ba, ɓacewa yake yi a cikin wannan lissafi kamar an zuba cokalin ruwa a kogi. Zinare ma bai kai jan ƙarfe ɗaukar wuta ba, ana shafa shi ne don ba ya tsatsa. Abin da ake buƙata a wayar haɗi shi ne raga mai kyau da ta rufe ko'ina, kai mai kamawa da ƙarfi, da haɗin dalma mai tsabta. Mai na'urar faifan garmaho ya fi kowa buƙatar kula, don siginar allura ƙarama ce ƙwarai, ɗan gurnani kaɗan amfilifaya za ta hura shi ya cika ɗaki.

Ba ina cewa duk waya mai tsada damfara ba ce. Kamfanoni irin su AudioQuest da Nordost da Cardas da Kimber suna nan suna sana'arsu, su ma 'yan jabun cutarsu suke yi. Muhawara a kan ko kunne yana iya bambance irin kayansu da na talaka ta daɗe. A 2007 James Randi, wani mai fallasa yaudara a Amurka, ya sa tukuicin dala miliyan ɗaya ga wanda zai iya bambance wata wayar lasifika ta dala 7,250 da ta gama-gari ido a rufe, kuma gwajin bai yiwu ba har aka watse. Ni a nawa kunnen bambancin bai kai kuɗin ba, amma wanda ya sayi ta gaskiya aƙalla ya sami abin da aka rubuta a kwali. Mu kuwa alminiyum aka ba mu da sunan azurfa.

Don haka in har ranka ya biya da babbar waya, shiga shafin kamfanin ka duba jerin dillalan da suka amince da su, ka kwatanta launi da rubutun jiki da irin kan da samfurin yake da shi. Kada kwali ya ruɗe ka, buga kwali ya fi komai sauƙi. Kada ka biya sai ka riƙe ta a hannu ka gwada a kan na'urarka, ka sa wani yana sauya ta da tsohuwar ba tare da ka ga wacce ce a ciki ba. In sunan asusu ya saɓa da na mai kaya, ka janye. In ya ce sai ta yi awa kaza, ka ce to kuɗin ma su jira awa kazan. Wanda kuma sauti kawai yake nema, ya sayi wayar Mogami ko Canare ta Japan, ko Belden, a yanka masa da mita, a sa mata kan Neutrik a wajen mai gyaran da ya iya dalma. Irinsu ake amfani da su a ɗakunan naɗar sauti. Ita Baba ya haɗa mini, kuma gurnanin ya tafi tun ranar.

Na kai ƙorafi bankina da hoton shaidar tura kuɗi, na kuma rubuta wa hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC. Ban saka sunansa a nan ba domin sauya shi yake yi kamar riga, kuma mai asusun wataƙila wani ne daban da aka yi amfani da shi. Alamominsa dai ku riƙe: jan kafet, labarin Baturen da ya koma gida, mai tayi daga Abuja, da awa 200. Wanda duk ya faɗa hannunsa, don Allah kada ya goge hirarsu, kada ya yar da wayar, ya ajiye lambar asusun da ranar da ya tura kuɗi, ya yi mini magana mu haɗa shaidunmu wuri ɗaya mu kai wa 'yan sanda tare.