Hanyar Marwa zuwa Kusseri: yabo da gyara

Daga Marwa zuwa Mora a arewacin Kamaru, kusan kilomita 60, kwaltar da aka sabunta ta yi kyau: shimfiɗa sumul, kwalbatoci na ɗauke ruwa. Tirela mai ɗauke da simintin garin Figil ko audugar kamfanin Sodecoton tana wucewa ba gargada.

Babban aikin gyara yana can gaba, daga Mora ta Dabanga zuwa Kusseri, kilomita 205, wanda Bankin Duniya ya sa wa kuɗi. Ya tsaya a 2014 bayan sace ma'aikata 'yan Sin a Waza, kuma a wannan ɓangaren hanya ne direbobi suka fi shan wuya. Laifin ba na nauyin kaya kaɗai ba ne. Ƙasar wurin baƙar laka ce da ake kira karal, tana kumbura da damina, ta tsattsage da rani. In aka zuba kwalta a kanta ba a kwashe ta an cike da marmara an daddanne hawa-hawa ba, ruwa zai shiga ta tsaga, taya ta ƙarasa sauran. Ga ambaliyar kogin Logon, wadda ke buƙatar a ɗaga hanya sama, a yawaita kwalbatoci.

Kuɗin shinge sefa 500 ne, ba tsada. Sikelin awon motoci kuwa, ƙa'ida tan 13 ne kan gatari guda (ƙarfen da ke haɗa tayoyin hagu da dama), sai dai ƙa'idar ba ta kare kwalta in ana ɗaga wa masu lodi fiye da kima ƙafa.

Mai kai kaya Injamena ta wannan hanya a watan Agusta ya tanadi tayar safaya biyu da igiyar ja.