InScript ko rubutun sauti: wanne za ka sa don rubuta Odiya a kwamfuta?

Wani ɗan'uwa da ke karatu a Bhubaneswar, babban birnin jihar Odisha a Indiya, ya tambaya: yana son rubuta Odiya, harshen jihar, a kwamfutar tebur, ya riƙa komawa Turanci ba tare da wahala ba, to wane tsarin maɓallai zai sa? Malam, tsari biyu ne a gabanka, kuma bambancinsu ba ƙarami ba ne.

Na farko shi ne InScript, tsarin da hukumomin Indiya suka daidaita tun 1991. Wasula na hannun hagu, baƙaƙe na dama, kuma babu ruwansa da harafin Turancin da ke jikin maɓalli. Ka danna k ka samu କ, ka haɗa da Shift ya zama ଖ. Maɓallin d shi ne alamar da ke kashe wasalin baƙi don a haɗa shi da na gaba, shi ya sa m, d, l ke ba da ସ୍ତ. Abin da ke rikita sabon shiga shi ne wasalin େ: a ido yana gaban baƙi, amma a bayansa ake danna shi. Ka buga k sannan s, sai ka ga କେ, alamar ta yi tsalle ta koma hagu da kanta. Kwanakin farko hannu zai yi nauyi, babu shakka. Amma ribar tana da yawa, domin wurin maɓallan ɗaya ne a Hindi da Bengali da Telugu. Wanda ya iya ɗaya ya kusa iya sauran.

Na biyu rubutun sauti ne. Ka rubuta kalma da haruffan boko yadda kake furta ta, kwamfuta ta juya maka ita. A ranar da ka sa shi za ka fara aiki. Matsalarsa, Odiya tana da baƙaƙen da boko ba ya rarrabewa, kamar ତ da ଟ. A ITRANS, wani tsarin rubutun sauti, ƙaramin t ne na farko, babban T na biyu. A na Windows kuwa jerin kalmomi ke fitowa ka zaɓa. Idan kunnenka bai gama rarrabe su ba, za ka yi ta zaɓar kuskure ba ka sani ba, kuma wannan ne ya fi damuna ga mai koyo.

Sanyawa ba ta da tsawo. A Windows ka shiga Settings, Time & Language, ka ƙara harshen Odia, sannan a cikin zaɓinsa ka ƙara maɓallan da kake so. Na sauti ya shigo Windows 10 a 2019, in taka ta girmi haka sai ka sabunta. Maɓallin Windows da Space ke sauyawa. A Linux mai GNOME ma haka ake sauyawa, sai dai ka fara sauke manhajar shigar da rubutu ta ibus-m17n, ka fita ka sake shiga, sannan InScript da ITRANS su bayyana cikin jerin. Ka nema da suna biyu, Odia da Oriya: a 2011 aka canja sunan a hukumance, amma Unicode, tsarin lambobin haruffa na kwamfuta, da manhajoji da dama suna nan da tsohon. In kuma ka ga akwatuna maimakon haruffa, ba laifin maɓallai ba ne, zubin haruffa (font) ne babu. Nirmala UI a Windows, Lohit Odia ko Noto Sans Oriya a Linux.

Ni dai shawarata, kada ka sa duka biyun. Da na Turanci sun zama uku, in ka ƙara na Hausa don ƙ da ɗ da ɓ sun zama huɗu, kullum kana zagaye kafin ka iso wanda kake nema. Idan saƙo ne ga abokan aji da neman abu a intanet, rubutun sauti ya ishe ka. Idan kuwa da gaske kake koyon rubutun, ko za ka buga shafuka masu yawa, ka ɗauki InScript, ka buga taswirar maɓallan a takarda ka manna kusa da allon kwamfutar, ka fara da layin tsakiya.