Kifin adon da na karɓo da yagaggiyar wutsiya: sharhina kan shagon da kayan jinyarsa

Shagon da nake magana a kansa yana cikin garin Kaduna, kuma ba zan kama sunansa ba. Idan kayan aiki kake nema, kamar akwatin gilashi, injin iska, tsakuwar ado da abincin kifi, za ka samu, farashinsu kuma da sauƙi. Idan kuwa kifi mai rai za ka saya, sai ka buɗe ido, domin masu shagon sun iya ciniki amma ba su san sha'anin ruwa ba. A hannunsu na karɓo wani kifin ado da ya ji rauni, na yi jinyarsa da kayan da na saya a wurinsu da wasu da na yi oda daga Legas.

Kifin irin wanda ake kira betta ne, namiji, shuɗi mai ratsin ja. Asalin wannan kifi ƙasar Tailan ce da maƙwabtanta, inda yake rayuwa a fadamu da gonakin shinkafa, cikin ruwa mai ɗumi marar zurfi. Mutanen can sun daɗe suna kiwonsa, da farko don faɗa, daga baya don ado, har a shekarar 2019 gwamnatinsu ta ayyana shi a matsayin dabbar ruwa ta ƙasa. Mazan wannan kifi biyu ba sa zama wuri ɗaya. Allah kuma ya yi masa wata halitta a cikin kai wadda yake shaƙar iska da ita kai tsaye daga saman ruwa, shi ya sa yake jure wa ruwan da zai kashe wasu kifayen. Wannan juriyar ce ta zame masa masifa a shaguna, domin ana ganin tunda bai mutu a cikin kofi ba, to kofin ya ishe shi.

A cikin kofin roba na same shi, a can ƙarshen kanta, bayan gwangwanayen abinci. Ruwan ya yi kalar ruwan wanki, ga ragowar abinci ta kumbura a ƙasa. Wutsiyarsa, wadda ya kamata ta baje, ta tsage gida-gida, bakin tsagar ya yi baƙi yana zagwanyewa. Fiffiken bayansa ya manne da jiki. Yana kwance a gefe guda, sai can ya yunƙura ya hau sama ya kurɓi iska ya koma. Na tambayi yaron shagon abin da ya same shi. Ya ce, "Yallaɓai, da ƙananan nan masu zane aka haɗa shi, su suka cinye masa wutsiya. Ka bar shi kawai, ga masu lafiya can." Ƙananan da yake nufi su ne tiger barb, waɗanda duk mai kiwon kifin ado ya san su da yagar fiffiken abokan zama, musamman masu doguwar wutsiya da ba sa iya gudu. Haɗa su da betta ba tsautsayi ba ne, rashin sani ne.

Yaron ba mugu ba ne. Da ya ga da gaske nake, shi ya kira mai shagon a waya, kuma mai shagon ya ce a ba ni kifin kyauta tunda zan sayi akwati. Na yaba da wannan, domin da kuɗi aka nema ba na jin zan biya. Wanda ya sayi kifi marar lafiya a cikakken farashi don tausayi, ya nuna wa mai shago cewa ko da ya wulaƙanta dabba ba zai yi asara ba, gobe kuma wani kifin zai shiga kofin. Duk wanda ya yi niyyar irin wannan ceto, ya nemi a ba shi kyauta ko a yi masa ragi mai yawa, ya kuma faɗa wa mai shagon dalili cikin mutunci.

Abin da bai yi mini daɗi ba shi ne shawarar da aka haɗo ni da ita. An miƙo mini wata ƙaramar kwalba ta shuɗin magani, babu takardar bayani, babu adadin da za a ɗiga, aka ce in zuba har ruwan ya yi shuɗi sosai. Maganin nan methylene blue ne, kuma yana da amfaninsa: masu ƙyanƙyasar kifi suna sa shi don kare ƙwai daga fumfuna, ana kuma yi wa kifi gajeren wanka da shi a wani mazubi daban. Amma in aka tuttula shi a akwatin da kifi yake zaune, yana kashe ƙwayoyin bakteriya masu amfani da ke tsabtace ruwa, ga shi yana rina duk abin da ya taɓa. Babu wanda ya tambaye ni wane ruwa zan zuba, famfo ko burtsatse. Babu wanda ya ambaci zafin ruwa, alhali muna tsakiyar hunturu. Waɗannan biyun kuwa su ne ginshiƙin jinyar.

Bari in tsaya a kan ruwa, domin a nan na fi samun biyan buƙata da kuɗina. Kifi yana fitar da amoniya daga jikinsa, kashinsa da ragowar abinci ma suna ruɓewa su zama amoniya. Guba ce, tana ƙona masa wurin numfashi da fata. A akwatin da ya daɗe yana aiki, akwai bakteriya da ke zaune a cikin filta, wato matatar ruwan akwatin, da tsakuwa, wasu suna mayar da amoniya ta zama nitirayit, wadda ita ma guba ce, wasu kuma su mayar da nitirayit ta zama nitiret, wadda ke da sauƙin illa kuma ake rage ta da canjin ruwa. Kafin waɗannan ƙwayoyi su kafu a sabon akwati akan ɗauki mako huɗu zuwa shida. Kofin roba ba shi da ko ɗaya daga cikinsu. Ka ga kenan raunin da barb suka yi masa ya zauna cikin ƙazanta, ƙwayoyin cuta suka samu ƙofa, wutsiyar ta fara ruɓewa daga baki tana cin ciki. Ciwon da aka bari cikin dauɗa ba ya warkewa ko a jikin mutum, balle kifi da ke kwana yana tashi a cikinta.

Abu biyu na yi oda daga Legas, kuma dukansu sun cancanci kuɗinsu. Na farko Seachem Prime, ruwan da ke kashe kilorin ɗin da hukumar ruwa ke zubawa a famfo, kamfaninsa kuma ya ce yana hana amoniya yin illa na ɗan lokaci. Mililita 5 ke wadatar da lita 200, don haka akwatina mai lita 20 rabin mililita yake ci, ƙaramar kwalba sai ta daɗe ba ta ƙare ba. Yana da ɗan warin ƙibiritu, haka yake, ba lalacewa ya yi ba. Na biyu kayan gwajin ruwa na kamfanin API, masu ƙananan kwalabe da bututun gilashi. Za ka ɗebi ruwa, ka ɗiga maganin gwaji, ka girgiza, ka jira minti biyar. In babu amoniya sai ya tsaya ruwan ɗorawa, in akwai sai ya juya kore. Na gwada ruwan kofin da na zo da shi daga shago, ya yi kore shar. Na nuna wa yarana bututun don su gani da idonsu, tun da su ne za su riƙa ba shi abinci. Masu burtsatse ba su da matsalar kilorin, amma gwajin ya wajaba a kansu su ma, domin amoniya daga jikin kifin take fitowa.

Jinyar kanta ba ta da wani asiri. Ban juye shi cikin sabon ruwa farat ɗaya ba, na ɗora kofin a kan ruwan akwatin har zafinsu ya daidaita, ina ƙara masa sabon ruwa kaɗan-kaɗan, sannan na tsamo shi na saki, tsohon ruwan kuma na zubar. A makonnin farko ina cire kamar kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan kusan kullum, in mayar da sabo mai ɗumi ɗaya da na ciki. Na sa gishirin kifi, wanda ba a haɗa shi da komai ba, ƙaramin cokali ɗaya ga kowace lita huɗu, na narkar da shi a kofi tukuna. Bai kamata ya wuce kwana goma ba, kuma gishiri ba ya bin tururi ya fita, sai da canjin ruwa, don haka ba a ƙara shi sai gwargwadon ruwan da aka cire. Na kuma jefa busasshen ganyen almon guda ɗaya, bishiyar nan mai faffaɗan ganye da ake dasawa a makarantu da gidaje don inuwa, wadda ganyenta ke yin ja kafin ya faɗi. Masu kiwon betta a Tailan sun daɗe suna amfani da shi. Yana mayar da ruwa kalar shayi marar madara, kifin kuma na lura ya fi sakin jiki a ƙarƙashinsa. A wanke shi da kyau, kuma a tsinto daga inda ba a fesa maganin ƙwari.

Akwatin da na saya a shagon bai ba ni matsala ba, ba ya yoyo, gilashinsa da kauri. Murfi ne babu, betta kuma yana tsalle, sai da na yanka wata farar roba na huhhuda ta, na bar tazara tsakaninta da ruwa don ya samu iskar shaƙa. Filtar soso da ƙaramin injin iska mai caji sun burge ni ƙwarai, domin in an ɗauke wuta injin yana ci gaba da aiki da batirinsa, kuma soso ba ya jan ruwa da ƙarfin da zai wahalar da kifi mai yagaggiyar wutsiya. Furannin roba da aka cusa mini kuwa ban sa su ba. Uwargida ce ta ja tsohon mayafinta a kansu, ya sarƙe a wuri uku, ta ce abin da ya kama mayafi zai kama wutsiya.

Hitar ɗumama ruwa ce ta ba ni haushi. Betta yana son ruwa tsakanin digiri 24 zuwa 28 a ma'aunin Selshiyos, kuma da asubahin hunturu ruwan akwati a ɗakinmu yana sauka ƙasa da haka. Sanyi yana rage masa ƙarfin jiki, ya daina cin abinci, ciwo ya ƙi warkewa. Hitar da shagon ya sayar mini ba ta da sunan kamfani, ba ta da wurin saita zafi, kuma ba ta kashe kanta. Ma'aunin zafi ne ya nuna mini ruwan ya haura digiri 30 yana ci gaba, na zare ta. Na mayar musu, suka ce kayan lantarki ba a dawo da su. Daga baya na samu mai wat 25 da ke kashe kanta in zafi ya kai. In babu wuta da dare, ina naɗe akwatin da bargo, in jingina masa gorar ruwan ɗumi daga waje. Kada kowa ya sayi hita ba tare da ma'aunin zafi ba, ko nawa ne kuɗinsa.

Na san akwai masu cewa kifi ne fa, wanda ake soyawa a bakin titi, me zai sa a ɓata kuɗi da lokaci a kansa. Ni dai abin da na riƙe shi ne hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abincinta ba. Kifin da ke cikin gilashi tsararre ne, ba shi da inda zai je. Wanda ya sa shi a ciki, mai shago ne ko mai saye, shi ke da alhakinsa.

Alamar farko ta sauƙi ita ce cin abinci. Da farko ko kallon ƙwayar abincin ba ya yi, sai na ɗebo masa tsutsar sauro daga wata randa da ke bayan gida, na ɗauraye su, ya bi su ya cafke. Daga nan ya karɓi abincin gwangwani, ƙwaya kaɗan safe da yamma, abin da ya rage in tsame shi nan take. Baƙin da ke bakin wutsiyar ya daina ci gaba, sannan wata siririyar fata fara, kamar leda, ta fara tsirowa a wurin. Wanda bai sani ba zai ɗauka wata cutar ce, alhali sabuwar wutsiya ce ke fitowa, daga baya take yin launi. Shuɗin maganin nan har yau ban buɗe shi ba. Da ruɓewar ta kai jikinsa, ko wani fari kamar auduga ya fito masa, to lamarin ya wuce gishiri da ganye, sai an nemi likitan dabbobi ya rubuta maganin da ya dace.

Wutsiyar ta cike yanzu, ko da yake gefe ɗaya ya fito a ɗan karkace, launinsa kuma bai kai na da ba. Yana yawo ko'ina cikin akwatin, yana tara kumfa a kusurwa kamar yadda mazansu ke yi. Irinsa sukan yi shekara biyu zuwa huɗu in sun samu kulawa.

Na koma shagon sayen abincin kifi, na tafi da kayan gwajin. Mai shagon yana nan, dattijo ne mai fara'a. Na ce, "Alhaji, in ba damuwa, bari in gwada ruwan kofunan nan ka gani." Ya amince, ya tsaya yana kallo har bututun ya juya kore. Ya ce zai sa yara su riƙa canja ruwan kullum, ya kuma tambaye ni inda ake samun kayan gwajin, na rubuta masa. Zan ci gaba da sayen gilashi, soso da abinci a wurinsa. Hita da magani kuwa a wani wurin zan nema, kifi kuma sai na ga an fitar da su daga kofuna.